Kafin Ka Rage Giya, Ka Ba Ta Wuta

Ni dai ban sha Hausa a nono ba, a gidanmu na Galtimari Barbarci muke yi. Amma da kawuna ya zaunar da ni a tsohuwar Golf ɗinsa zai koya mini tuƙi, da Hausa ya yi mini tsawa: "Kai yaro, ba ta wuta mana kafin ka saki kuloci!" Na sauko ne daga giya ta huɗu zuwa ta biyu a kan titin Bama, motar ta yi kuka, ta zabura kamar jakin da aka tsikara, har goshin Kawu ya kusa taɓa gilashi. Ranar ban gane laifina ba. Yanzu da na gane, ina ganin wannan ne darasin da yawancin masu koyar da tuƙi a garin nan suke tsallakewa.

Ga yadda abin yake, ya kai mai karatu. A ƙaramar mota irin Golf, idan kana tafiyar kilomita 40 a awa cikin giya ta huɗu, inji yana juyawa kimanin sau 1,500 a minti. Wannan gudun dai a giya ta biyu yana bukatar kusan sau 3,000. To, da ka taka kuloci ka ɗaga ƙafa daga totur, juyin inji sai ya faɗi ƙasa. Idan ka saki kuloci a haka, tayoyi ne za su fizgo injin da ƙarfin tsiya, kuloci ya sha gugar. Maganin kuwa ɗan taɓa totur ne kawai yayin da kuloci yake a take, inji ya tashi ya tarar da gudun tayoyi, sannan ka saki a hankali. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san wannan, har kuloci suke takawa sau biyu, domin akwatin giyar motocin da ba ya karɓar giya sai gudu ya zo ɗaya.

Wani zai ce ai wannan gwanintar 'yan tseren mota ce. Ban yarda ba. Duk wanda ya yi tuƙi a unguwarmu bayan ambaliyar madatsar ruwan Alau ta watan Satumbar 2024 ya san yadda laka da yashi suka kwanta a kan kwalta. A irin wannan hanya, fizgar nan kaɗai ta isa ta sa taya ta sulɓe. Golf kuwa tayoyin gaba ne suke jan ta, su ne kuma suke bin sitiyari, in suka sulɓe a kwana sai ka juya hagu mota ta miƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar sa mota a furi. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, direbobi da dama da sun hango shataletale sai su cire giya, wai suna tattalin fetur. Alhali motocin da kwamfuta take raba wa mai, muddin suna cikin giya da gudu kuma ka ɗaga ƙafa daga totur, tsayar da man suke yi. A furi kuwa dole inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Ga shi ka bar wa birki aikin duka, in kuma Keke Napep ya faɗo maka ba ka da giyar da za ka kauce da ita. Maiduguri shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa muke tsira. A gwada haka a gangaren Biu a gani.

A matsayinmu na ɗaliban harshe kuma akwai namu aikin. Mun ari giya da kuloci da totur, sun zauna daram, amma wannan dabara ban taɓa jin bakanike ko direba ya kira ta da suna ba. Ni ina ba da shawarar a ce da ita "daidaita wuta". Na gwada kalmar a kan Kawu, sai ya yi dariya ya ce, "Ku 'yan jami'a ku yi ta raɗa suna, ni dai kada ka sake ƙona mini kuloci."