Waiwaye: Ranar da Aka Dawo Mana da Kaset

A shekarar 2010, ina Amurka ina taya wani abokina tace bidiyo a ɗan ƙaramin situdiyonsa, wata tashar talabijin ta dawo mana da shirin minti talatin da muka shafe watanni muna haɗawa. Hoto garau, irin wanda ake kira HD, sauti ma ba laifi. Abu ɗaya ya rasa: ɓoyayyen rubutun nan da kurma ke danna rimot ya bayyana a ƙasan allo, ya karanta abin da ake faɗi. Tun farkon 2006 doka ta wajabta wa tashoshin ƙasar sa shi a sabbin shirye-shiryen Turanci, sai 'yan kaɗan da aka ɗauke wa. Mun san da dokar. Barin aikin muka yi sai ƙarshe, muna ganin bai wuce na wuni ɗaya ba.

Da muka shiga neman mafita muka gane inda gizo ke saƙa. Tsohuwar talabijin ta Amurka tana zana hoto da layuka 525, wasunsu ba sa fitowa a allo. A 1976 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ware layi na 21 don ɗaukar rubutun kurame, kuma a kansa aka yi ta aiki shekara da shekaru. HD ba ta da wannan layin. Rubutun yana tafiya ne a matsayin bayanai a wani gurbi da ke gefen hoton, bisa sabon tsari mai suna CEA-708, tare da tsohon tsarin a cikinsa saboda masu tsofaffin akwatuna. A wancan lokacin, kafin ka cusa shi a kaset ɗin HD sai da wata na'ura ta dubban daloli, ko ka aika kaset ɗin kamfanin masu wannan sana'a, ka biya kuɗin rubutu, ka biya na kwafi, ka biya na aike. Ga mai ƙaramin jari, wannan ya isa ya cinye ribar shirin kaf.

Irin wannan tsadar ta taɓa faɗa wa kuramen kansu. A 1972 tashar WGBH ta Boston ta nuna shirin girkin Julia Child da rubutu a fili, kowa na gani. Ɓoyayyen rubutu ya fara fita ranar 16 ga Maris, 1980, a tashoshin ABC da NBC da PBS, amma sai kurma ya sayi wani akwati na daban, kimanin dala 250, ya jona da talabijin ɗinsa. Da yawa ba su iya ba. A 1990 majalisar dokoki ta yanke cewa daga Yulin 1993 duk talabijin mai inci 13 zuwa sama sai an ƙera ta da abin karanta rubutun a cikinta. Nauyin da ya danne mutum ɗaya ya rarrabu a kan duk mai sayen talabijin, har ba a jin sa. Daga nan masu koyon Turanci da masu jiran jirgi a cikin hayaniya suka shiga cin moriyar abin da aka yi don kurame.

Mu ma saukar tsadar ce ta fitar da mu. A lokacin an samu manhajoji, irin su MacCaption, da ke saka rubutun cikin fayil ɗin bidiyon kai tsaye, ba sai da waccan na'urar ba, tashoshi kuma sun fara karɓar fayil a maimakon kaset. Muka samu wani mai manhajar ya yi mana wannan matakin kaɗai a kan kuɗi kaɗan. Sauran aikin muka yi da hannunmu.

Dare uku na yi a kansa, kuma har yau ina tuna su. Layi ba ya ɗaukar fiye da harafi 32. Ka saurara, ka tsayar, ka rubuta, ka yanke jimla inda mai magana ya numfasa, ka ɗaura ta a daidai daƙiƙar da ya buɗe baki. In an ƙwanƙwasa ƙofa ka rubuta an ƙwanƙwasa. In mai magana ba ya cikin hoto ka faɗi ko wane ne. Akwai wata dattijuwa a shirin da muryarta ta karye tana ba da labarin mijinta. Na daɗe ina tunanin yadda zan sanar da wanda ba ya ji cewa ta yi shiru ne don kuka ya zo mata. A nan na gane cewa kuɗin na'ura yana sauka da zamani, amma wannan zaman na saurare shi ne ainihin aikin. Da mun adana rubutun hirarrakin tun ranar ɗauka, da rabinsa ya ƙare kafin mu fara.

Abin yana dawo mini duk lokacin da aka yi zancen komawar Najeriya talabijin na dijital, wanda aka ƙaddamar a Jos a Afrilun 2016. Tsarin DVB da muka ɗauka yana iya aika rubutun a matsayin zane, don haka ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda layi na 21 bai tanadar musu gurbi ba, za su fito daidai. Masu finafinan Kannywood kuma sun daɗe suna sa fassarar Turanci a ƙasan allo, ke nan masu ɗaura rubutu a kan lokaci muna da su a Kano. Na Hausa ne ba a cika yi ba.

Ina da ɗan yaya kurma da ya iya karatun boko sarai. In muna kallon labarai da daddare, idonsa na kan bakin mai karantawa, can sai ya jawo hannun rigata ya tambaye ni da yatsu me aka ce.