KABURBURAN TIYAROY BA SU DA SUNA

A gefen birnin Dakar, ƙasar Sanagal, akwai maƙabartar soja a wani wuri da ake kira Tiyaroy. Kaburbura 202 ne a jere, babu suna bisa ko ɗaya.

Ga asalin maganar. Sojan baƙar fata da Nasara ke kira tirayer na Sanagal, ba ƴan Sanagal kaɗai ba ne. Ana ɗebo su daga Sudan ta Faransa, da Gine, da Dahome, har da Nijar tamu. A 1940 Jamus ta kama dubbansu, suka yi shekara huɗu a tsare. A watan Nuwamba 1944 jirgin ruwa ya sauke fiye da dubu ɗaya a Dakar, aka kai su barikin Tiyaroy. Suka ce ba su tafiya gida sai an biya su bashin albashinsu. Iyakar laifinsu ke nan. Ran 1 ga Disamba da safe, sojan Faransa suka buɗe musu wuta.

Nawa suka mutu? Takardar hukuma ta ce 35. Wata kuma ta ce 70. Masana tarihi na cewa ɗaruruwa. Mu da muke kiran sunan yara a lakwal kowace safiya, mun san yadda rajista take. Gwamnatin da ta ƙidaya kan kowane talaka, da jakinsa da akuyarsa, don karɓar lanho, ita ce za ta kāsa ƙirga sojanta masu lamba a wuya? Ba mu yarda ba. Ɓoyewa aka yi.

Waɗanda suka tsira, an ɗaure 34 a 1945. An saki waɗanda suka rage a kurkuku a 1947, amma ba a wanke su ba. A 2014 shugaba Olan na Faransa ya tsaya a maƙabartar. Sai a 2024, bayan shekara 80, Makaron ya rubuta cewa kisan gilla ne. A 2025 Sanagal ta soma tonon wurin, aka sami gawa da harsashi a jiki.

To, sakataren kowane kwamiti, daga Tasawa har Madawa, ya karanta wannan ran kasuwa. A shiga gidajen tsofaffin soja a tambaya: wa aka ɗauka lokacin yaƙin Hitila bai komo ba? A rubuta sunansa, da na ubansa, da garinsu.