Wa ke da alhakin ɗalibinmu a ƙetare?

Jama'a, kun tuna Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF? 'Ya'yanmu masu karatu a can, da yawansu 'yan Arewa, sai a motocin safa aka kwaso su zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki suna jiran izinin shiga. Ni dai a ganina, jami'a ko gwamnatin jihar da ta tura yaro ƙetare, biyan kuɗin makaranta bai sauke mata nauyi ba. Dole ta san unguwar da yake kwana, kuma ta ware kuɗin dawo da shi tun kafin jirginsa ya tashi. Iyaye, kada ku sa hannu sai kun ga wannan a rubuce.