SUNA LINZAMI: CUTAR DOYA DA SABUWAR DOKAR RAƊA SUNA

Duk manomin doya a ƙasar Lafiya ya san cutar nan da kan afka wa shuri idan damina ta yi nisa. Ganye ya yi baƙaƙen ɗigo, yaɗo ya bushe tun daga kai, sai ka ce an bi gonar da wuta. Abin da ke haddasa ta wata irin fumfuna ce, watau dangin naman kaza, wadda ba a iya tantance ta sai da madubin likita. Ta kuwa fi yi wa doyar ruwa ɓarna.

To, abin mamaki, shekara da shekaru wannan fumfuna sunaye biyu gare ta a littattafan masana, kuma dokarsu ce ta yarda da haka. Dalili kuwa shi ne kamanni biyu take fitowa da su. Idan tana yaɗuwa ba tare da barbara ba, sai a kira ta Colletotrichum gloeosporioides. Idan ta kai matakin barbara, sai ta koma Glomerella cingulata. Ashe ɗalibi na iya karanta littattafai biyu, ya zaci cuta biyu ce, alhali kuwa abu guda ne.

Da gwajin ƙwayoyin gado ya samu, aka tabbatar da cewa kamannin biyu na halitta ɗaya ne, sai hujjar ta faɗi. A watan Yuli na shekara ta 2011, babban taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne ta ƙasar Ostareliya ya soke wannan sashe na dokar. Aka ce fumfuna ɗaya, suna ɗaya, kuma galibi sunan da ya riga shi ne zai tsaya. Saboda haka Colletotrichum na 1831 ya rinjayi Glomerella na 1903. Aka kuma yarda a bayyana siffar sabuwar fumfuna da Turanci, ba lalle sai da Latin ba. Daga ran 1 ga Janairu, 2013, sabon suna ba ya karɓuwa sai an yi masa rajista an ba shi lamba. A taron Shenzhen ta ƙasar Sin, a 2017, aka miƙa wa masana fumfuna ikon gyara abin da ya shafe su kaɗai, suka kuwa zauna a San Juan a 2018, da Maastricht a 2024.

Mai karatu zai ce, ina ruwan manomi da gardamar shaihunan malamai? Akwai ruwansa. A 2012 bincike ya nuna cewa abin da ake kira da suna guda, ashe iri ashirin da biyu ne masu kama da juna. Cikinsu har da wadda aka raɗa wa Colletotrichum alatae, ta doyar ruwa. Mai neman irin doya da zai jure cuta tilas ya san ainihin wadda yake yaƙi da ita. Haka kuma jami'in da ke duba doyar da za a fitar ƙasashen waje, da suna yake aiki a takarda. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman doya, don haka kuskuren suna na iya zama asarar dukiya.

Lafiya ba ta rasa inda za a yi wannan gyara ba. Ga Jami'ar Tarayya, ga Kwalejin Aikin Gona, ga sashen aikin gona na Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu. Ya kamata malamansu su sake duba takardun da suke koyarwa, su jera tsohon suna da sabo, su kuma haɗa su da sunayen da manoma ke kiran cutar da Hausa, Eggon, Alago da Tibi. Malamin gona da ya san sunan a littafi, ya san shi a bakin manomi, shi ne zai kai magani inda ciwon yake.