Ranar 6 ga Maris da tarihin Kafanchan da muke tsallakewa

Jama'a, duk shekara idan 6 ga watan Maris ta zagayo, sai ka ga matasanmu suna yaɗa rubutun nan na "yau a tarihi". A rana irin ta yau a shekarar 1957 ƙasar Ghana ta samu 'yancin kai a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. A rana irin ta yau a shekarar 1909 aka haifi Cif Obafemi Awolowo a garin Ikenne. Duk gaskiya ne, kuma babu laifi a san su. Awolowo ma ba baƙo ba ne a siyasar yankinmu, domin jam'iyyarsa ta Action Group ta yi ƙawance da UMBC, wadda ta samu magoya baya a kudancin lardin Zariya tun kafin 'yancin kai. Abin da yake damuna shi ne, ɗan Kafanchan zai kwafo wannan jeri daga farko har ƙarshe, amma ba zai sa ko layi ɗaya a kan abin da ya faru a garinsa a wannan rana ba.

Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987, ana tsakiyar zafin bazara, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta shirya taron wa'azi a Kwalejin Horar da Malamai ta Kafanchan. Wanda aka gayyato ya yi wa'azin mutum ne da ya bar Musulunci ya koma Kiristanci. Ɗalibai Musulmi suka ce ya jawo ayoyin Alƙur'ani ya fassara su ba daidai ba, kuma ya taɓa mutuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam. Masu taron suka ce an kutsa musu cikin ibada. Gardama ta zama dambe, dambe ya fita daga makaranta ya shiga gari, aka rasa rayuka, aka ƙona wuraren ibada da gidaje. Kafin mako ya zagayo wutar ta isa Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, har Kano. A tuna fa, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, sai a watan Satumban wannan shekarar aka raba su. A can arewa coci-coci sama da ɗari aka ƙona. Janar Ibrahim Babangida ya fito ya yi wa ƙasa jawabi, ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula, aka kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Gwamnan jiha a lokacin shi ne Abubakar Dangiwa Umar.

Wannan shi ne abin da muke tsallakewa. Na san dalili. Dattawanmu da yawa suna cewa a bar kaza cikin gashinta, tono tsohon gyambo ba ya haifar da alheri. Ina girmama wannan magana, domin masu faɗinta su ne suka ɗauki gawawwaki a lokacin, ba mu ba. Amma ni a ganina shirun bai rufe komai ba. Labarin yana nan ana ba da shi, sai dai a cikin ɗaki, kuma rabi-rabi. Yaron da ya tashi a gidan Musulmi ya san an kashe Musulmi a Kafanchan an ƙona masallaci, bai san abin da aka yi wa Kiristocin Zariya da Funtuwa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Yaron da ya tashi a gidan Kirista ya san adadin cocin da aka ƙona, bai san akwai gidajen Hausawa a nan cikin gari da har yau suke addu'a ga wanda suka rasa a wannan makon ba. Kowa ya gaji rabinsa, kuma kowane rabi yana nuna masa cewa shi kaɗai aka zalunta.

Kuma ba wa'azin dare ɗaya ba ne ya haddasa wannan duka. Tun farkon 1986 ƙasa take cikin zaman ɗar-ɗar a kan batun shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. Ga kuma tsohon ƙorafi na ƙabilun yankin, irin su Fantswam da Kaninkon da Bajju, game da zamansu ƙarƙashin masarautar Jama'a da ta Zazzau. Mu Hausawa ba ma son jin wannan ɓangaren, amma yana cikin tarihin. Da an zauna an kalle shi tun 1987, wataƙila da ba a kai ga Zangon Kataf a 1992 ba, ko rikicin bikin ba Sarkin Jama'a sanda a watan Mayun 1999. A zamanin Gwamna Ahmed Makarfi an ƙirƙiro sababbin masarautu ga ƙabilu da dama, bayan jini ya riga ya zuba. Sannan ga Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da aka yi kashe-kashe a Zonkwa, kasuwar Kafanchan ta ƙone, mutane suka wayi gari ba jari ba rumfa.

To me nake nema? Ba zaman makoki ba, ba kuma taron jawabai na manyan baƙi ba. Ina neman mu rubuta. Jerin "yau a tarihi" yana da wurin waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu, kuma a nan ne talaucinmu ya fi fitowa fili. Waɗanda suka mutu a Kafanchan cikin wannan mako na Maris 1987 mutane ne masu suna da unguwa da sana'a. Wa ya tattara sunayensu, Musulminsu da Kiristansu, a takarda ɗaya? Jaririn da aka haifa a wannan rana yau ya doshi shekara arba'in, wataƙila shi ne mai sayar maka da citta a kasuwa ko mai koyar da 'ya'yanka. Shekarun da ke kansa su ne shekarun da muka yi muna kauce wa maganar.

Akwai wani dalili kuma. Idan ba mu rubuta ba, wasu za su rubuta mana, kuma abin da suka sani game da mu rikici ne kawai. Ka ce wa mutum a Legas ko Sakkwato kai ɗan Kafanchan ne, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Alhali garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun 1927 ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya wuce Kaduna, da reshen da ya hau Jos. Dogo ne ya kawo Ibo da Yarabawa da Hausawa da Tibi suka zauna kwatas ɗaya, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki. Dogon ne ya jawo fadar Sarkin Jama'a ta baro tsohon mazauninta ta dawo nan. Duk waɗannan suna da ranaku, kuma tsofaffin ma'aikatan dogo da suka san su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ko a watan Maris ɗin nan akwai ranar da ta cancanci shiga jerin: 23 ga Maris 2016, ranar da wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Sanga da Kaciya da Zangon Kataf suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Gaskiya ne ba ta hana kashe-kashen da suka biyo baya a ƙarshen wannan shekarar ba. Shi ma sai a rubuta haka nan, ba ƙari ba ragi.

Aikin ba mai tsada ba ne. Waya ce da littafi, da matasa biyu, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, su je tare su zauna gaban tsoho su ce, "Baba, ba mu labari," su naɗi murya, su rubuta suna da rana. Coci-coci suna da rajistar baftisma da ta aure. A gidajenmu kuma akwai iyayen da suka riƙa rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a bangon littafi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, haka yake yi. Na ɗauko littafin kwanan baya ina dubawa. A gaban sunan ƙanwata bai sa kwanan wata ba, sai ya rubuta cewa an haife ta kwana uku bayan faɗan kwaleji, kuma ba a yi taron suna ba saboda dokar hana fita.