SHARHI: Taswira biyu a aji ɗaya: Yadda Ostireliya ke fama da koyar da tarihin 'yan asalinta

A ranar 14 ga Oktoba, 2023, masu jefa ƙuri'a a Ostireliya sun yi watsi da shawarar kafa wata majalisar tuntuɓa ta 'yan asalin ƙasar a cikin kundin tsarin mulki. Kimanin kashi 60 cikin ɗari ne suka ce ba su yarda ba, kuma babu jiha ko ɗaya daga cikin jihohi shida da ta goyi baya. Tun daga lokacin, taƙaddamar ta bar hannun gwamnatin tarayya ta koma jihohi. A ƙarshen 2024 sabuwar gwamnatin jihar Queensland ta soke dokar da ta kafa kwamitin binciken tarihin abin da aka yi wa 'yan asali, alhali a ƙarshen 2025 jihar Victoria ta zama ta farko da ta ƙulla yarjejeniya da su. Fagen da ba a cika waiwaya ba a wannan ja-in-ja shi ne ajin makaranta, inda malami zai tsaya gaban yara ya faɗa musu ƙasar wa suke zaune a kai.

Darasin labarin ƙasa a Ostireliya yana da sauƙi idan aka tsaya kan alƙaluma. Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ta ninka Najeriya fiye da sau takwas, amma mutanenta ba su wuce miliyan 27 da 'yan kai ba. Mafi yawansu sun taru a bakin teku, a birane irin su Sydney da Melbourne da Brisbane da Perth, tsakiyar ƙasar kuwa hamada ce da busasshen daji. Taswirar da kowane ɗalibi ya sani tana nuna jihohi shida da manyan yankuna biyu, da iyakoki miƙaƙƙu kamar an ja su da rula, domin da rula ɗin aka ja su a ofisoshin 'yan mulkin mallaka.

Sai dai akwai taswira ta biyu da ake liƙawa a bangon ajujuwa da dama. David Horton ne ya tsara ta, aka wallafa ta a 1996 a ƙarƙashin cibiyar nazarin al'amuran 'yan asali da ke Canberra. Ita wannan ba ta san da jihohi ba. Ta raba nahiyar zuwa ɗaruruwan yankuna masu launi daban-daban, kowanne da sunan al'ummar da ke da shi da harshenta. Lokacin da jiragen ruwan Ingila suka sauke fursunoni da sojoji a Sydney a watan Janairun 1788, ana magana da harsuna sama da 250 a ƙasar, kuma binciken masana kimiyyar tono ya nuna mutane sun zauna a can tsawon shekaru dubu 50 zuwa dubu 65. Yaron da ya ɗora taswirar nan a kan waccan zai yi tambayar da kowane mai hankali zai yi: ta yaya aka tashi daga ɗaya zuwa ɗaya? Daga nan darasin labarin ƙasa ya zama darasin tarihi da shari'a, ko malami ya so ko bai so ba.

Amsar da dokar Ingila ta riƙe na tsawon shekaru ɗari biyu ita ce ƙasar ba ta da mai ita lokacin da aka zo. Lauyoyi suna kiran wannan ƙa'ida da sunan Latin, terra nullius. Bisa wannan hujja, ba a ƙulla yarjejeniya da kowa ba, ba a biya diyya ba, saɓanin New Zealand inda aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Waitangi da ƙabilun Maori a 1840. Ƙa'idar ta rushe ne a ranar 3 ga Yuni, 1992, lokacin da kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer da ke mashigin Torres, wanda ya shafe shekaru goma yana ƙara kuma ya rasu watanni kaɗan kafin hukuncin. Kotun ta ce haƙƙin mallakar gargajiya bai mutu da zuwan Turawa ba, matuƙar al'umma ta ci gaba da alaƙarta da ƙasar kuma gwamnati ba ta riga ta shafe haƙƙin ta wata hanyar doka ba. A 1993 majalisa ta yi dokar da ta tsara yadda za a riƙa neman wannan haƙƙi.

Wani abu da ya kamata lauyoyin gwamnati a Abuja su sani shi ne, cikin hukunce-hukuncen da alƙalan suka dogara da su har da na wata shari'ar Legas. A 1921 kotun ɗaukaka ƙara ta masarautar Birtaniya ta bai wa Amodu Tijani, wato Cif Oluwa, gaskiya a kan filayen Apapa da gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe, inda ta ce karɓar mulki bai share haƙƙin al'umma a kan ƙasarta ba. Herbert Macaulay ne ya raka shi Landan. Abin da aka amince wa mutanen Legas a 1921, sai bayan shekaru 71 aka amince wa 'yan asalin Ostireliya.

Dutsen Uluru ya fi kowane wuri nuna yadda sunan wuri ke ɗauke da tarihi. Tsayinsa mita 348 ne, yana tsakiyar hamada, kuma babu littafin labarin ƙasa da ba ya ɗauke da hotonsa. A 1873 wani mai safiyo, William Gosse, ya raɗa masa sunan Henry Ayers, wani babban jami'in gwamnatin Kudancin Ostireliya, aka yi ta kiransa da haka fiye da ƙarni ɗaya. A ranar 26 ga Oktoba, 1985, gwamnati ta mayar wa al'ummar Anangu mallakarsa, bisa sharaɗin su ba da hayarsa ga hukumar gandun daji na shekaru 99. A rana irin wannan ta 2019 aka hana masu yawon buɗe ido hawansa. A 2023 kuma aka mayar wa tsibirin Fraser sunansa na asali, K'gari. Malamin da ya rubuta ɗaya daga cikin sunayen nan a allo ya riga ya ɗauki matsayi, ko da bai ƙara kalma ɗaya ba.

Shekaru da yawa makarantu ba su taɓa waɗannan batutuwa ba. A 1968 masanin halayyar al'umma W.E.H. Stanner ya yi amfani da laccocinsa na gidan rediyon ƙasa ya zargi marubuta tarihi da yin gum a kan 'yan asali, yana mai cewa shirun ya yi yawan da ba za a kira shi mantuwa ba. Shekara guda kafin nan, a ranar 27 ga Mayu, 1967, kashi 90.77 cikin ɗari na masu zaɓe sun amince a riƙa ƙidaya 'yan asali cikin al'ummar ƙasa, a kuma bai wa majalisar tarayya ikon yin dokoki a kansu. A 1966 makiyayan Gurindji ƙarƙashin Vincent Lingiari suka bar aiki a gandun shanu na Wave Hill. Da farko maganar albashi ce, daga baya ta koma neman ƙasarsu, kuma a 1975 Firaminista Gough Whitlam ya damƙi ƙasa ya zuba a tafin hannun Lingiari. Dokar filaye ta 1976 da ta biyo baya ta sa a yau kusan rabin Yankin Arewa yana hannun 'yan asali.

Babi mafi ɗaci shi ne na yaran da aka ƙwace. Rahoton hukumar kare haƙƙin ɗan Adam na 1997 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1910 da 1970, daga yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku aka raba da iyayensu da ƙarfin doka, aka kai su gidajen marayu na mishan ko gidajen Turawa. Firaminista John Howard ya ƙi neman gafara a madadin gwamnati, yana cewa bai kamata 'yan yau su ɗauki laifin 'yan jiya ba. Sai a ranar 13 ga Fabrairu, 2008, Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar. Wasu daga cikin waɗanda aka ƙwace suna raye, kuma jikokinsu suna zaune a ajujuwan da ake koyar da labarin.

A rubuce, manhajar ƙasa ta ɗauki duk wannan. Hukumar ACARA da ke tsara ta ta sanya tarihi da al'adun 'yan asali cikin jigogi uku da ake so su ratsa kowane darasi, tun daga kimiyya har zuwa adabi, tare da alaƙa da Asiya da kuma kare muhalli. Bugu na tara, wanda ministocin ilimi suka amince da shi a watan Afrilun 2022, ya sa 'yan aji bakwai su karanci tarihin nahiyar na dubban shekaru kafin zuwan Turawa, 'yan aji goma kuma su karanci gwagwarmayar neman haƙƙi. Amma ba a kai ga wannan cikin ruwan sanyi ba. A 2021 ministan ilimi na tarayya, Alan Tudge, ya soki daftarin farko da cewa zai sa yara su tsani ƙasarsu, kuma ya rage darajar gadon Yammacin Turai da na Kiristanci. An yi wa daftarin kwaskwarima kafin a amince da shi. Irin wannan ƙorafi ne ya sa gwamnatin Tony Abbott ta kafa kwamitin bitar manhaja a 2014, kuma tushensa yana komawa zuwa 1993, lokacin da masanin tarihi Geoffrey Blainey ya yi kashedi game da kallon tarihin ƙasa da idon mai zaman makoki.

Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Ƙasar da ta karɓi miliyoyin baƙi daga Italiya da Girka da Vietnam da Indiya tana buƙatar labarin da zai haɗa kan yara, kuma manhajar da aka cusa wa komai takan bar malami yana tsallake-tsallake ba tare da ya zurfafa a ko ɗaya ba. Inda hujjar ta yi rauni shi ne zaton cewa faɗin abin da ya faru yana nufin zagin ƙasa. Kisan gillar Myall Creek na 1838, inda aka kashe aƙalla mutum 28, yana cikin bayanan kotu, domin an rataye Turawa bakwai a kansa. Taswirar da masu bincike na Jami'ar Newcastle suka haɗa ƙarƙashin Lyndall Ryan ta nuna wurare sama da 400 da aka yi irin wannan kisa. Ana iya jayayya kan fassara da kan adadi, kuma masana suna yi, amma cire su daga darasi yana nufin a koya wa yaro taswirar da ke da ramuka.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa kuskuren. Bayan faɗuwar ƙuri'ar 2023, wasu sun ɗora laifin a kan jahilcin masu zaɓe, kamar dai da an koyar da tarihi sosai da kowa ya ce e. Wannan bai yi daidai da abin da ya faru ba, domin cikin fitattun masu adawa akwai 'yan asali, irin su Sanata Jacinta Nampijinpa Price da ta ce majalisar za ta raba kan ƙasa, da Sanata Lidia Thorpe da ta ce majalisar ba ta isa komai ba in babu yarjejeniya. Tarihin gyaran kundin ƙasar ma ya nuna cewa takwas kacal suka tsallake cikin shawarwari 45, kuma babu wadda ta tsallake ba tare da goyon bayan manyan jam'iyyu biyu ba. Makaranta ba ofishin kamfe ba ce. Abin da ya fi dacewa a damu da shi shi ne sakamakon gwajin ilimin zama ɗan ƙasa na 2024, wanda ya nuna kashi 28 cikin ɗari kawai na 'yan aji goma suka kai matakin da ake buƙata, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara gwajin. Matashin da bai san yadda ake gyara kundin tsarin mulki ba, zai yi wuya ya auna hujjar kowane ɓangare.

Ma'aikacin da ya saba da tsarin tarayya zai gane inda gizo ke saƙa. Canberra ce ke jagorantar tsara manhaja kuma tana zuba kuɗi, amma jihohi ne ke da makarantun gwamnati da malamai, kuma New South Wales da Victoria da Yammacin Ostireliya kowacce tana sake fasalta manhajar yadda ta ga dama. Ƙa'idojin aikin koyarwa sun wajabta wa kowane sabon malami sanin tarihin 'yan asali, amma yawancin malamai ba 'yan asali ba ne, kuma da dama an horar da su a zamanin da ba a koyar da batun. Wasu kan kauce masa don tsoron yin kuskure ko jan fushin iyaye. Najeriya, wadda ta cire tarihi daga manhajar ilimin farko sannan ta dawo da shi, ta ga yadda rubuta darasi a takarda ya fi samar da mai koyar da shi sauƙi.

Inda darasin ya fi kama ƙasa shi ne inda aka haɗa shi da wuraren da yara za su iya gani. A Budj Bim da ke Victoria, al'ummar Gunditjmara ta gina magudanan dutse na kiwon kifi tun kimanin shekaru 6,600 da suka wuce, kuma UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2019. Bayan gobarar daji ta 2019 zuwa 2020, hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ba da shawarar a yi aiki da masu ilimin ƙona daji na gargajiya, waɗanda ke cinna ƙananan wuta a lokacin sanyi don hana babbar. A watan Mayun 2020 kuwa, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya tarwatsa kogunan dutse na Juukan da ke yankin Pilbara, masu ɗauke da alamun zaman mutane na shekaru dubu 46, kuma ya yi hakan ne da izinin dokar jiha. Shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa. Yammacin Ostireliya ta kawo sabuwar dokar kare wuraren tarihi da ta fara aiki a watan Yulin 2023, amma bayan 'yan makonni, sakamakon ƙorafin manoma da masu filaye, gwamnatin jihar ta sanar da janye ta, ta koma kan tsohuwar dokar 1972 da 'yan gyare-gyare.