Lambobi Biyu a Ƙirjin Mutum Ɗaya

Akwai wata magana da ke yawo a bakin waɗansu masu ilimin boko, har ta fara shiga taron matasanmu a nan Yawunde. Wai sojojin ƙasarmu da suka yi wa Turawa yaƙi karnukan farauta ne kawai, ba su isa a tuna da su ba. Ni kuwa na ce wannan magana zalunci ce, ba ta dace da bakin mai bi ba. Bari mu auna ta da rayuwar mutum ɗaya.

Chari Maigumeri mutumin Barno ne. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru. A yaƙin Garwa ya nuna jaruntaka har Jamusawa suka ba shi lambarsu ta Gicciyen Ƙarfe. Garwa ta faɗi a watan Yuni 1915, Ingilishi suka kama shi. A 1917 ya shiga sojan Nijeriya. Ya kai matsayin babban samanja na bataliya, ya yi yaƙin Habasha da na ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingilishi kuma suka ba shi lambar Military Medal. Ya bar aiki a 1953 da girman kyaftin na karramawa. Barikin soja na Lokoja yana ɗauke da sunansa.

Masu zargi sukan ce, ga shaida nan, jiya na Jamus, yau na Ingila, ina amana? To, wa ya fara cin amanar wa? Yawunde ta faɗi ranar 1 ga Janairu 1916, a wannan shekara Faransa da Ingila suka raba Kamaru tsakaninsu, ba su tambayi sarki ko talaka ba. Fursunan yaƙi wanda gwamnatin da ya yi wa rantsuwa ta shuɗe, ina zai kai amanarsa? Masu wannan zargi suna zaune a inuwa ne suna yi wa wanda ke rana shari'a.

Ban ce lamba tana wanke yaƙi ba. Waɗanda Maigumeri ya harba a Garwa sojojin Nijeriya ne, da yawansu Hausawa, kowannensu da uwarsa. Amma alhakin wannan jini ya fi nauyi a wuyan waɗanda suka shirya yaƙin a Turai. In ana neman abin kunya, ga shi: a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka, har da na Kamaru, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, bayan yawancinsu sun mutu.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana raina soja ba. Da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, ƙwace da ƙazafi ya hana su, bai kore su ba. Karniliyus jarumin sojan Roma ne, sojan mulkin mallaka, duk da haka gidansa Allah ya aiki Bitrus.

Wannan ba zancen tarihi kaɗai ba ne. Tun 2014 sojojin Kamaru da yawa sun mutu a yaƙi da Boko Haram a Arewa Mai Nisa. Gwaurayensu da marayunsu suna cikin unguwanninmu, waɗansu a kan benci ɗaya muke sujada da su. Yaron da ya ji an kira sojan jiya kare, me zai ɗauka game da ubansa?

Saboda haka dattawa su tsawata wa wannan magana a duk inda suka ji ta. Zumuntar mata ta san gidajen gwaurayen sojoji, a ziyarce su, a taimaka da kuɗin makarantar yara. Mu ƙi yaƙi da dukan zuciyarmu, amma mu girmama wanda aka tura cikinsa. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama. Amin.